Hoton da Hajja Ta Zaɓa

Kyamarar da na yi shekaru ina aiki da ita ba tawa ba ce tun asali. Ta yayana ce, mai shagon hoto a Hausari. Da rikici ya yi tsanani a Maiduguri, sai ya zama namiji ya rataya kyamara a wuya ya bi titi tamkar tsokanar tsuliyar dodo ne. Sojoji su gan ka su ce mutanen daji kake ɗaukar wa hoton shingensu, mutanen daji su ji labarinka su ce hukuma kake yi wa aiki. Yaya ya tattara ya zauna a shago, daga hoton fasfo sai wanke hotunan da aka kawo masa.

Amma biki da suna ba su tsaya ba. Mu mutanen garin nan ko sama da ƙasa za su haɗe sai mun ɗaura aure mun raɗa suna. Abin da ya canza kawai, an dawo da komai tsakar rana, don kowa ya kama gabansa kafin dokar hana fita. Ganin aiki yana wuce shi, Yaya ya aika aka kira ni daga Mairi, inda nake aure. Ya ce ai yawancin taron na mata ne a cikin gida, kuma mace in ta naɗa lafaya ba mai tambayar me ta rungumo a ciki. A lokacin ba a fara tsoron mata ba tukuna. Maigidana ya amince, ni kuwa dama zaman gida ya ishe ni.

Ya koya mini aikin a tsaitsaye, yana yi yana faɗa, don Yaya bai iya koyarwa ba sai da faɗa. Abu ɗaya ne ya zaunar da ni a kansa. A bakin idon kyamarar akwai wani siririn gilashi zagayayye da ake murɗawa kamar murfin kwalba, filta ake ce masa. Ba ta ƙara komai a hoto. Aikinta kawai ta tare duk abin da zai taɓa idon, ko yatsa ne, ko yashi, ko ruwa.

"Ke, buɗe kunnenki," in ji shi. "Idon nan in ya karce, babu irinsa a garin nan, sai Kano. Kin kuwa san yadda hanyar Kano take yanzu. Filta in ta lalace ina da wata a ajiye. Saboda haka ko liman ne ya ce ki cire, ki ce Yaya ya hana."

Na ce to. Ban san abin da na ɗauko wa kaina ba sai da na fara shiga taro.

Wanda bai san bikin matan Barno ba ba zai gane matsalar ba. A wurinmu baƙo bai shigo ba sai an turara shi. Tun daga zaure kaskon turaren wuta zai tare ki, a tsakar gida wani, a ɗakin amarya kuwa sai kin lalubi mutane da hannu saboda hayaƙi. Ga wata gwaggo tana zagayawa da kwalbar humra tana shafa wa kowa a hannu da wuya, ga wata da turaren fesawa. Mai hoto kuma ita ake fi karramawa. Ina durƙushe ina saita fuskar amarya, sai in ji an ce, "Mai hoto, wushe wushe!" wato sannu sannu, kafin in ɗago an fesa mini a fuska, ni da kyamarar gaba ɗaya. Ba ki isa ki ɓata rai ba, alheri aka yi miki.

Turaren nan duk mai ne. Hayaƙin ma mai ne da shi, yana kwanciya a gilashi sannu a hankali. Da farko ina da ɗan ruwan goge gilashi da Yaya ya ba ni, da ya ƙare kuwa ba a sake samun sa a kasuwa ba. Sai hucin baki da ƙyalle, in goge nan maiƙon ya koma can. Hotunana suka riƙa fitowa dishi-dishi, musamman in haske ya bugo daga gefe. Masu biki ba su taɓa yin ƙorafi ba, ni ce abin yake ci wa rai. Ni mutum ce mai son abu ya fito tar. In na ɗauki amarya ina so a ƙirga zanen lallen hannunta, a ga zaren lafayarta.

Duk ranar da na kai aiki shago sai mun yi da Yaya. In ce gilashi a kan gilashi ɓata hoto yake yi, wanda ya ƙera idon nan da ya san yana bukatar tabarau ai da ya sa masa. Ya ce wanda ya ƙera shi bai taɓa zuwa biki a Bulabulin ba. In ce bari in cire ko a ɗakin amarya ne kawai. Ya ce nan ne ma gwaggo mai fesawa take laɓewa. In ce taurin kai ne da shi irin na mahaifinmu. Ya ce rigakafi ya fi magani, kuma in na gaji in ajiye masa kayansa. A nan maganar take tsayawa kullum, don ya san ba zan ajiye ba. Ina fita ina ƙunƙuni, amma ban taɓa cirewa ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Hajja. Bashuwa ce, cikin Larabawan nan makiyaya, a cikin shanu aka haife ta, a cikinsu ta yi ƙuruciya, sai da girma ya zo mijinta ya sayar da abin da ya rage ya dawo da su gari. Shi ya daɗe da rasuwa. Ɗa namiji ɗaya ya rage mata, dillalin shanu, yana zaune a Legas yana karɓar lodin da ake tura masa daga nan. Matarsa ce take zaune da Hajja, yarinya mai sanyin hali da ba ta iya ɓoye komai a fuska. Hausar Hajja ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta, ni kuma "bitti" take ce mini, wato 'yata. Tun ina amarya take leƙo ni ta katanga da ƙwaryar kindirmo, tana yi mini tsiya wai mu 'yan birni ba mu san nono ba sai farin ruwa. Ina son matar nan ƙwarai.

A shekarar da aka katse layukan waya ciwo ya kama ta. Ba ciwon kwanciya ba ne farat ɗaya, irin mai cin mutum a zaune ne. Abinci ya daina shiga, sai shayi da ɗan kunu. Kullum ina shiga gaishe ta, kullum tana cewa da sauƙi, ni ma ina cewa da sauƙi.

Waya kuwa ta zama abin duba lokaci da haska hanya. Wanda yake da ɗan'uwa a nesa sai dai saƙon baka ta hannun direbobi. Hanya kuma ta ɓaci. Ana tare motoci a daji a sauke mutane, mata su iso gari su kaɗai, mazan da suka taso tare ba a sake jin su ba. Direbobin tirelar shanu ne kawai suke bi, su ma don ba su da wata sana'a, kowace tafiya sai sun yi sallama da iyali kamar ba za su dawo ba.

Wata rana da la'asar sakaliya na sauka daga keke, na dawo daga wani suna a Bulabulin, jikina da kyamarar duk muna tashin humra. Sai ga surukar Hajja a ƙofar gidanmu, ta ce tun ɗazu Hajja take aiko ta duba ni. A hanya ta faɗa mini abin da ya faru. Wani direba ɗan'uwansu ya iso daga Legas da safe, ya kawo wa Hajja sabuwar lafaya daga ɗanta, da saƙo. Wai labari ya kai masa cewa uwarsa ba ta da lafiya, yana haɗa kayansa, in direban ya koma zai biyo shi su taho tare. Direban kuma gobe da sassafe zai juya.

Na tarar da Hajja a bakin gado an tokare ta da matasai. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Bitti, ka ɗauke ni hoto. Yanzu. Ka wanke yau, gobe ya tafi."

Na yi mamaki, don sau nawa ina roƙonta tana cewa ita ba 'yar fim ba ce. Na ce, "Hajja, yau kuma?"

"Wiledi yana so ya zo," ta ce, haka take kiran ɗan nata. "In an faɗa masa da baki ina lafiya, ba ya yarda. Ya san ni, ya san direba ma tsorona yake ji. Amma in ya gani da ido, zai zauna. Ni na tsufa, bitti. Shi kaɗai ne. Ba na so ya hau hanyan nan."

Sai a lokacin na lura da shirin da aka yi. An sa mata kwalli, an gyara kitson, an naɗa mata sabuwar lafayar, mai ruwan zuma, don ya tabbatar hoton na yanzu ne ba tsoho ba. A ƙarƙashin lafayar surukar ta ɗaura mata zannuwa a kan zannuwa don jikin ya cika. Na ce mu fita tsakar gida inda haske yake. Ta ce ƙafarta ba za ta kai ta ba, kuma ba ta son maƙwabta su ga ana jan ta kamar tsohuwar saniya. Sai na ɗage labulen ƙofa, hasken yamma ya shigo ta gefenta.

Ina saitawa ta ɗaga hannu. Wai a kawo kasko tukuna.

"Haba Hajja," na ce, "ƙamshi yana fita a hoto ne?"

"Wanda ya sha nonona ya san ko na yi turare ko ban yi ba," ta ce. "Kai ka yi aikinka."

Aka kawo garwashi aka zuba turare, aka tura kaskon ƙarƙashin lafayar, hayaƙi ya riƙa fita ta wuyanta yana bin hasken ƙofa. Ta miƙe zaune da wani ƙarfi da ban san daga ina ta samo shi ba, ta ɗaga haɓa, ta yi murmushi. Na danna, na sake dannawa.

Da na duba ɗan allon bayan kyamarar sai raina ya ɓaci. Filtar ta sha maiƙon sunan Bulabulin tun safe, ga hayaƙi, ga haske ya bugo ta daga gefe. Hoton ya fito kamar an ɗauka ta bayan gidan sauro. Komai ya yi laushi, gefen fuskar ya narke cikin haske, ko zanen lafayar ba a gani sosai. Na hura na goge da ƙyalle, na sake ɗauka, duk ɗaya. Na ce a raina, matar da ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba, yau ta yarda, kuma hoton zai tafi har Legas, shi ne zan ba da wannan abin kunya? Yaya yana Hausari, ba ya gani na. Na kama bakin filtar na murɗa. Ta ɗan yi gardama don ta daɗe a wurin, sannan ta saki. Na sa ta a cikin lafayata kamar na yi sata.

"Hajja, sau ɗaya kuma."

Ta sake ɗaga haɓar. Na danna.

Wannan ya fito tar, irin yadda nake so tun da na fara aikin. Na tsaya ina kallon sa. Ga ramin kumatu, ga ƙashin goshi, ga jijiyoyin wuya a tsaye. Idon ya faɗa ciki, farinsa ya yi rawaya, kwallin ma sai ya ƙara tona shi. A bakin lafayar ana ganin gefen zannuwan da aka cusa, da siririn hannun da ya fito daga cikinsu. Murmushin yana nan, amma ana ganin wahalar da aka sha kafin a yi shi. Kullum ina shiga ɗakin nan, kullum ina kallon matar nan, amma ban san inda ciwon ya kai ta ba sai a ɗan allon nan. Tsoro ya kama ni, da tausayi.

Ina cikin haka na hango surukar ta nufo ni da kwalbar fesawa, za ta yi mini na baƙunta. Na yi wuf na kife kyamarar a cikina na ce, "Tsaya, tsaya, don Allah!" Yarinyar ta firgita, Hajja ta yi dariya har da tari. Na yi sauri na mayar da filtar na murɗe, sannan na ce to fesa.

"Mu gani," in ji Hajja.

Na kai mata allon. Ta matso da shi, ta nesanta, ta ce ita ba ta ganin komai a wannan ɗan abu, a nuna wa yarinya. Na nuna wa surukar na farko, mai dishi-dishin. Ta ce, "Lah, Ammi, kin yi kyau! Kamar lokacin bikinmu." Gaskiya ta faɗa. Da na sake dubawa da idon da ba na mai hoto ba, sai na ga hasken nan da ya ɓata mini rai ya cike ramin kumatun, ya shafe jijiyoyin wuyan, ya ɓoye gefen zannuwan. Wata dattijuwa ce mai ƙoshin lafiya zaune cikin hayaƙin turarenta.

Na matsa zuwa na biyun. Yarinyar ta duba. Ta sa gefen mayafi ta toshe baki, hawaye suka zubo.

Hajja ba allon take kallo ba, fuskar surukarta take kallo. Labarin zuciya a tambayi fuska.

"Wanne ya sa yarinyan nan kuka?"

Na ce, "Na biyun, Hajja. Shi ne ya fi fita."

"To shi ka bar shi a wurinka. Na farko za a kai."

Na ce, "Hajja, na farkon bai yi kyau ba, gilashin ne ya yi datti." Ban san me ya sa na faɗi haka ba, na riga na gane abin da take nufi. Ta kama hannuna, tafinta da zafi kamar an ɗora a kan kaskon.

"Bitti, ni ba kyau nake nema ba. Ka ji ni?"

Na ce na ji.

Na tari keke zuwa Hausari ina duban rana. A kowane shinge sai mun sauka mun taka da ƙafa, hannu a sama, mu wuce buhunan yashi sannan mu sake hawa. Duk tsawon hanyar ina faɗa da kaina. Haushi nake ji, ban ma san na wa ba. Mutum yana da haƙƙin ya ga uwarsa kafin ta tafi, in ji wata zuciyar. In da ni ce a Legas aka yi mini haka, ba zan yafe ba. Ɗaya zuciyar kuma tana nuna mini matan da na gani an sauke a tasha ba mazansu.

Yaya yana shirin rufe shago na iso. Ya yi mita, ya tayar da janareto, ya sa katin a na'ura. Hoton farko ya fito a allo, ya ja tsaki. Na biyu ya fito. Bai ko juyo ba.

"Kin cire."

"Na cire."

"Na ce miki ko liman ne..."

"Ba liman ba ne, ni ce. Kuma ga idonka nan lafiya lau, duba."

Ya karɓi kyamarar ya kwance filtar, ya kai idon bakin ƙofa yana jujjuya shi a haske, ya daɗe yana neman abin da zai kama ni da shi bai samu ba. Sannan ya koma kan allon. Sai ya ajiye faɗan da ya ɗauko. Ya ce uwar wa ce wannan. Na ba shi labari tun daga farko, na ƙare da cewa ni dai a ganina na biyun ya kamata a kai, ko a haɗa duka biyun, ɗan ya zaɓa wa kansa.

"Ke mai hoto ce ko alƙali?" ya ce. "Mai fuska ta zaɓa."

"Yaya, mutuwa za ta yi. Kai ma ka gani."

"Na gani. Ita ma ta sani, ta riga mu sani." Ya shiga goge filtar da gefen rigarsa, abin da ya hana ni yi. "Hanyar Kanon da na ƙi yarda a bi saboda gilashi, ita kike so ɗan mutane ya biyo?"

Na ce dai ya wanke mini duka biyun. Ya wanke. Al'adarsa ce duk hoton da ya fita daga shagon sai ya buga masa hatimi a baya, amma da ya zo kan mai dishi-dishin sai ya ajiye hatimin, wai kada mutanen Legas su ce haka ake aiki a Maiduguri. Ko a wannan hali sai da ya ba ni dariya.

Da sassafe direban ya zo ƙofar gidan Hajja. Hotunan biyu suna cikin jakata, kowanne a ambulan ɗinsa. Ba zan ce hannuna bai taɓa na biyun ba. Na miƙa masa na farko. Hajja ta sa aka shigo da shi har bakin ƙofar ɗaki, tana daga ciki bayan labule, ta yi masa magana da Larabcinsu da murya mai ƙarfi. Surukar ta fassara mini daga baya. Cewa ta yi ya gaya wa ɗanta zazzaɓi ne ya wuce, ga ta nan ya gani, kuma in ya kuskura ya bar shanun mutane ya taho ba da yawunta ba. Da direban ya fita sai da aka kwantar da ita, maganar ta ƙarar da ita.

Muka shiga jira. Ni da ban haɗa komai da mutumin ba, duk tirelar da na ji ƙararta a babban titi sai gabana ya faɗi. Hajja ba ta tambaya, amma kullum fuskarta tana wajen ƙofa. Da direban ya sake dawowa, shi kaɗai ya dawo. Ya ce ɗan ya karɓi hoton ya yi ta hamdala, ya zagaya da shi kasuwar shanu yana nuna wa abokansa, yana cewa ku ga Ammi, masu baƙin baki sun ce ta kwanta. Ya ce zai zauna sai hanya ta yi kyau. Ran nan Hajja ta sha kunu kofi guda cur, har ta tsokane ni wai yaushe zan koyi dama fura.

Ba ta kai ƙarshen damina ba. Da rana ta rasu, surukarta tana riƙe da kanta, ni ina wajen ƙafafu. Maza suka kai ta suka dawo kafin dokar hana fita. Saƙon rasuwar ma ta hannun direban ya tafi. Na yi kuka sosai, kuma na daɗe ba na son kallon katangar nan.

Sai bayan an dawo da waya, an fara raka motoci da sojoji, sannan ɗan ya iso. Mutane suka yi ta shiga yi masa ta'aziyya kamar ranar aka yi rasuwar. Ni ma na shiga na yi, daga bakin ƙofa, ban tsaya ba. Ina jin nauyin haɗa ido da shi.

Da aka kwana biyu sai ya yi sallama a gidanmu. Maigidana ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, suka gaisa, sannan ya leƙo ya ce baƙon da ni yake son magana. Na yafa mayafi na zauna daga gefe. Dogo ne siriri, da rawani irin nasu, goshinsa sak na Hajja. Ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da hoton. Gefunansa duk sun lanƙwashe, ya yi laushi saboda ɗauka.

"Malama, ke kika ɗauki wannan?"

Na ce ni ce.

"Allah ya saka da alheri. Kullum yana jikina." Ya juya shi a hannu. "Iyalina ta ce akwai wani."

Na dubi maigidana, ya gyaɗa mini kai. Na shiga ɗaki na ɗauko ambulan ɗin daga ƙasan akwati, ban taɓa buɗe shi ba tun ranar. Na miƙa wa maigidana ya miƙa masa.

Ya zaro hoton ya riƙe shi kusa da ɗayan. A waje ana ta hayaniyar masu keke, wata mai talla tana wucewa. Na ga yatsansa yana bin ramin kumatun, ya gangara wuya, ya tsaya a kan siririn hannun.

"Rana ɗaya aka ɗauke su?"

"Zama ɗaya," na ce.

"Da wannan kuka aiko mini, wallahi ko a ƙafa ne da na taho."

"Ta sani," na ce. "Shi ya sa."

Ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska. Maigidana ya sunkuyar da kai yana karanta abin da ya sawwaƙa a hankali, ni kuma na ƙura wa tabarma ido. Na shirya wa faɗa, na shirya wa ya ce mun cuce shi, da ya faɗa ma ba zan musa ba. Bai faɗa ba. Ya daɗe a haka, sannan ya share fuska ya yi mata addu'a muka shafa.

Da ya tashi tafiya ya mayar da mai dishi-dishin aljihunsa. Ɗayan kuma ya miƙo wa maigidana, ya ce a tambaye ni ko za a iya wanke masa shi babba, irin wanda ake sa wa a gilashi a rataya a ɗaki. Na ce za a iya, amma ko na farkon yake nufi, don shi ne ta fi kyau a ciki.

"A'a, wannan," ya ce. "Wannan ce ban samu na gani ba."